Ya Sara Wa Babana

"Ki karanta da kanki, Basant. Ni ba zan ce komai ba."

Shuruk ce, 'yar ƙanwar babana, tsaye a gabana da tsakar rana cikin kemis ɗin da nake aiki. Ta ajiye wayarta a kan kanta, ta turo mini ita da yatsa ɗaya. A bayanta wata tsohuwa tana jiran maganin hawan jini.

Hoton saƙo ne da aka ɗauka daga wayar Baba. Sunan da ke sama na fara gani.

Hazim.

Baba ne ya rubuta masa: "Daga yau kada ka kira 'yata, kada ka rubuta mata, kada in ji an gan ka a ƙofar wurin aikinta."

A ƙasa kuma ga amsar Hazim. Babu kalma ko ɗaya. 'Yar fuskar nan ce rawaya mai hannu a goshi, tana sarawa kamar soja.

🫡

Na ja hoton sama, na ja shi ƙasa, ko akwai saura.

Babu...

"Iya abin da ya ce ke nan?"

"Iya shi ke nan, 'yar'uwa. Shekara biyu kina faɗa da kowa a kansa, shi kuwa ko minti biyu bai ɓata ba, ya sara ya wuce."

Na sallami tsohuwar, sai da na duba kwalin maganinta sau uku kafin in miƙa mata. Daga nan na shige ɗakin ajiya na rufe ƙofa, na zauna a kan wani kwali, na toshe bakina da gyalena.

A gidanmu kowa ya san fuskar nan. Babana, Kanar Ra'afat, shekara talatin da ɗaya ya yi a soja kafin ya yi ritaya. Tun da Mama ta rasu ya buɗe mana guruf a waya, ni da yayyena biyu da ke Alƙahira, kullum da safe yana aiko da umarni. A kira Amti Nagwa a gaishe ta. Kada a sayi kifi ranar Litinin. Duk wanda zai zo hutu ya sanar kwana uku kafin nan. Mu kuwa ɗaya bayan ɗaya sai mu tura masa mai sarawar, ma'ana an ji, za a yi. Wani lokacin kuma, a tsakaninmu, ma'anarta mun ji, ka ƙyale mu mu sha iska. Na taɓa ganin yayana Wa'il ya tura ta a kan umarnin ya daina shan taba, alhali tabar tana ɗaya hannun.

Hazim ma da ita ya shigo rayuwata. Makanike ne, injinan jiragen kamun kifi yake gyarawa a bakin tafkin Timsah. Ya zo karɓar allurar ciwon suga ta mahaifiyarsa, na rubuta masa yadda zai ajiye ta a firji, ya amsa mini da mai sarawar. Na yi dariya ni kaɗai. Daga baya ta zama abin wasanmu. In na ce ya ci abinci, ya sara. In na ce kada ya shiga ruwa da wannan iskar, ya sara. Ranar da na ci jarrabawata ta ƙarshe ya turo ta guda biyar, ya ce jinjina ce. Sannan ranar da babban amininsa ya bar ƙasar, ita ya tura masa, ya ce mini hakan ya fi sauƙi a kan ya ce masa sai wata rana.

Don haka na san tana nufin biyayya, na san tana nufin girmamawa, na kuma san tana nufin bankwana.

Wanne ya aiko wa babana?

Na rubuta wa Hazim. Alamar nan ta koma shuɗiya, ya karanta. Bai amsa ba.

Na kira shi sau bakwai. Na yi masa saƙon murya ina kuka, na ce, "Hazim, masoyina, ko zagina ne ka yi, amma ka yi magana..."

Ya saurara. Bai amsa ba.

A gida Baba ya ƙi ɗaga maganar. Dama tun farko bai so ba. Ya ce bai kai ni jami'a don in ƙare a gidan mutumin da farcensa ke baƙi da man inji ba. Sau biyu Hazim yana neman izinin zuwa, sau biyu ana ce masa Kanar ba ya jin daɗi. Yanzu da na tambaye shi, sai kawai ya ce yaron ya nuna ko shi waye, ya ci gaba da karanta jaridarsa da gilashin nan nasa mai kauri.

Amti Nagwa kuwa, mahaifiyar Shuruk, da ke zaune a benen samanmu, ta mayar da falonmu nata. Kullum tana saukowa da tukunyar mahshi, shinkafar nan da ake naɗewa cikin ganye, da hotunan ɗanta Tamir, likitan haƙori a Kuwait, wanda ya zo hutu. Ta ce yaro ne mai natsuwa, gidansa na kallon teku, kuma jini ɗaya ne ba sai an yi bincike ba. Shuruk tana gefe tana shafa mini baya, tana cewa in yi haƙuri, maza duk haka suke.

Babu wanda ya tilasta ni. Wannan dole in faɗa. A rana ta goma sha biyu, ni da bakina na ce Tamir ya zo ranar Juma'a a karanta Fatihar baikonmu. So nake labarin ya kai bakin tafki. So nake wani ya ji irin abin da nake ji.

Ranar Laraba Ummu Hazim ta shigo kemis da sandarta. Rabon da ta zo da kanta ya fi shekara. Na ɗauko mata allurarta ban iya kallon idonta ba, ita kuwa ta kama hannuna ta ƙi saki. Ta ce ɗanta ya rame, ya daina cin ful, dafaffen wakensa na safe, sai ya zauna ya ƙura wa waya ido kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Ki ƙara haƙuri, Daktora," ta ce. "Wata guda ai ba shekara ba ne. Har rabi ya tafi."

"Wane wata guda, Tant?" na ce, kamar yadda muke kiran manyan mata.

Ta dube ni da mamaki. Ta ce ai watan da babana ya yanka masa. Hazim ya karanta mata saƙon tun ranar. Kanar ya ce a ba shi wata ɗaya ya yi bincike a kansa, a cikin watan kada ya neme ni ko ta wace hanya, in ya iya cika wannan to ya zo gida da mahaifiyarsa a zauna.



Ban jira lokacin tashi ba. Na bar wa abokiyar aikina kemis ɗin, na tari tasi.

Na tarar da Baba a baranda yana ba wa na'a-na'arsa ruwa. Na roƙe shi ya ba ni wayarsa. Ya miƙo mini. Ga shi nan kuwa, saƙo biyu ne a jere. Na farko mai tsawo, shi ne maganar wata guda. Na biyu shi ne wanda aka nuna mini. Da yake dogon rubutu a waya yana wahalar da idonsa, Shuruk ya kira ta rubuta masa, ita kuma ta ɗauki hoton rabin da take so.

Na tambaye shi, tun da shi ya gindaya sharaɗin kuma Hazim yana cikawa, me ya sa ya bari aka sa ranar Tamir?

Ya ajiye butar a hankali.

"Saboda ya raina ni. Na rubuta masa magana ta maza, ya amsa mini da ɗan zane. Shekara talatin da ɗaya ina sanye da kaki, Basant. Na binne abokaina ana sara musu. Yaro ya mayar da abin wasa."

Ya ce da farko ma daɗi ya ji, ya ɗauka ladabi ne. Shuruk ce ta fahimtar da shi cewa yaran zamani in sun tura wannan, ba'a suke yi. Ma'anarta to soja, mun ji ka, je ka huta.

Ni ta ce mini bankwana ne. Shi ta ce masa raini ne.

Cikin sauri, ba tare da tunani ba, na buɗe guruf ɗin gidanmu na ɗora masa a gaban gilashinsa. Na ce ya duba, ai mu ma kullum ita muke tura masa, shekara huɗu ke nan, ya taɓa ganin raini a ciki?

Ya daɗe yana kallo. Yana ja da babban yatsansa, fuskokin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa. Sannan ya ɗago.

"Ku fa? Da kuke turo mini, me kuke nufi?"

Na buɗe baki in ce biyayya, Baba.

Ban iya ba.

"Yawanci muna nufin mun ji," na ce. "Wani lokacin kuma... muna nufin mun gaji."

Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya sa wayar a aljihun jallabiyarsa, ya ce tun da Mamanku ta tafi ban san yadda ake yi muku magana ba sai haka. Ya ɗauki butarsa ya ci gaba da zuba wa tukunyar da ta riga ta cika ruwa.

Na je neman wanke Hazim, na soki mahaifina.

A kan matakala na haɗu da Shuruk tana saukowa. Da ganin fuskata ta gane. Ba ta musa ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Na tambaye ta me na yi mata, mu da muka tashi a gado ɗaya, muka sha shayi a kofi ɗaya. Ta jingina da bango, ta tuna mini da malamin makarantar nan da ya nemi aurenta shekara shida da suka wuce, wanda Baba, a matsayinsa na babban gida, ya ce bai dace ba.

"Ni da aka ce in bari, na bari. Ko uffan ban ce ba. Yau shekarata talatin da biyu ina wanke wa Mama kwanuka. Wa ya ba ni wata guda? Wa ya yi bincike saboda ni?"

Hawaye suna zuba a fuskarta amma muryarta ba ta rawa.

"Ke kuma kin yi kuka kwana biyu, Kanar ya sauko. Na kasa jurewa, Basant. Ki tsane ni in kina so."

Ta raɓa ni ta wuce. Na so in tsane ta, wallahi na so. Abin ya ƙi zama daidai a raina.

Washegari da hantsi na tafi bakin tafki. Na same shi durƙushe a cikin wani jirgi, kansa a cikin inji. Da ya ɗago ya gan ni, sifanar hannunsa ta faɗa cikin ruwa. Ya rame da gaske, har ƙasusuwan kumatunsa sun fito. Abin da ya fara cewa shi ne in koma, kada wani ya gan mu, saura kwana goma sha huɗu kawai.

Na gaya masa komai. Rabin saƙon, abin da aka faɗa wa Baba, da Fatihar gobe.

Ya zauna a bakin jirgin. Ya ce ya ɗauka na san da sharaɗin, ya ɗauka kukan da nake yi a saƙon na kewa ne. Ya ce kowane saƙona ya saurare shi ya fi sau ashirin, amma ya riga ya yi wa mahaifina alkawari.

"Alkawari?" na ce. "Da me ka yi alkawarin, Hazim? Da ɗan hoto? Ka ji muryata tana karyewa ka zaɓi ka yi shiru don ka burge babana. Kalma ɗaya ta ishe ni. Jira. Shi ke nan."

"Na ji tsoron in rasa ki, rayuwata."

"Ka kusa ai."

Na ce masa ina son sa, kuma ba zan auri Tamir ba ko ya zo ko bai zo ba. Amma ba zan zauna da mutumin da duk lokacin da magana ta yi nauyi zai ɗora hannu a goshi ya ɓuya a bayansa ba. Na tashi a gidan da kowa ke cewa an ji, babu mai faɗin abin da ke ransa, ba zan gina wani irinsa ba. In yana da magana, ya san ƙofarmu.

Na juya na tafi. Bai biyo ni ba, ni ma ban waiwaya ba. Sai da na shiga tasi na fashe da kuka, har direban ya miƙo mini takardar share hawaye yana cewa ko wane ne shi, Allah ya shirye shi.

Na sanar da Baba na fasa auren Tamir. Ya ce ni na gayyace su da bakina, ni zan sallame su da bakina.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci falonmu ya cika. Amti Nagwa ta ci ado da gwala-gwalanta, Tamir yana zaune da kwalin alawar basbusa a kan cinyarsa, yana murmushi irin na wanda bai san komai ba. Shuruk ba ta sauko ba. Ina tsaye da tiren shayi ina haɗa kalmomin da zan faɗa, sai ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Baba ne ya buɗe da kansa.

Hazim ne, da farar riga, mahaifiyarsa tana riƙe da hannunsa tana haki saboda matakala. Ya goge farcensa har gefensu ya yi ja.

"Saura kwana goma sha uku," in ji Baba.

"Na sani, Yallaɓai. Da sanina na karya umarninka. Ka hukunta ni, amma ka fara saurarena."

Baba bai ce ya shigo ba, bai kuma rufe ƙofar ba. A nan bakin ƙofa, kowa yana ji, Hazim ya yi magana. Ya ce ranar da saƙon ya zo ya rubuta amsa ta fi goma yana gogewa, wata ta yi kama da roƙo, wata ta yi kama da rashin kunya. Ya ce shi ma ya yi shekara biyu a soja, ya san nauyin ɗaga hannu, bai taɓa yi wa wani don ba'a ba. Abin da ya so faɗa shi ne ya ji, ya girmama, zai jira.

"Amma tsoro ne ya sa na tura hoto maimakon in zo. Kai ka cancanci magana, ita ma ta cancanta. Ni makanike ne, Yallaɓai, ba zan zama likita ba. Ina son Basant, kuma ina neman aurenta a wurinka."



Tamir ne ya fara motsi. Ya ajiye kwalin a kan tebur, ya dubi mahaifiyarsa ya ce ba haka aka gaya masa ba, shi bai zo ɗaukar matar da zuciyarta ke wani wuri ba. Ya ce mini Allah ya sa albarka, 'yar kawu, ya fita. Amti Nagwa ta bi shi tana faɗa, tana cewa ɗan'uwanta ya zaɓi mai warin kifi a kan jininsa, kuma ƙafarta ba za ta sake taka gidan nan ba.

Baba ya juyo wurin Hazim.

"Ka koma ka cika kwanakinka goma sha uku," ya ce. "Ka ƙara bakwai na laifin yau."

Sannan ya matsa gefe, ya miƙa wa Ummu Hazim hannu.

"Amma baiwar Allah ba za ta hau bene uku ta koma ba ta sha komai ba. Basant, kawo shayin nan."

Bayan wata biyar aka ɗaura mana aure a masallacin unguwarmu, bayan la'asar. Amti Nagwa ta cika maganarta, ba ta zo ba. Na hau sama da kaina na kai wa Shuruk katin gayyata, na yi ta ƙwanƙwasawa, ina jin motsinta a ciki. Na tura katin ta ƙarƙashin ƙofa. Ranar da muke fita ina cikin fararen kaya na ɗaga kai, tagoginsu duk a rufe. Har yau abin yana ci mini rai.

A masallaci ina zaune gefe tare da mata ina hangensu. Malamin ɗaurin aure ya haɗa hannun Baba da na Hazim, ya lulluɓe su da farin hankici, ya ce Baba ya maimaita bayansa. Mutumin da muryarsa ke tsayar da bataliya guda ya ce, "Na aurar maka da 'yata..." sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai a karo na uku ya iya kai sunana.

Aka shafa Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa, wani ya fizge hankicin kamar yadda aka saba.

Hannuwan biyu suna nan a haɗe. Baba ya ƙi saki.

Malamin ya yi gyaran murya, ya ce an gama, Kanar.

"Na ji," in ji Baba, idonsa a kan Hazim, hawaye yana gangarowa ta ƙarƙashin gilashinsa. "Ita kaɗai ta rage mini a gidan nan, ɗana. Ku riƙa zuwa."